Ƙarni a Goshin Illo

A dogon benen da Illo Boubacar yake zaune a Minguettes kowa ya san shi, ba don yawan magana ba, domin shi mutum ne da sai ka ja shi da hira kafin ya ce uffan. Sandunan fatsarsa ne suka yi masa suna. Duk ranar Asabar, muddin ba a rufe lokacin kamun kifi ba, za ka ci karo da shi a matakala yana lallaɓa dogayen sanduna kada su bugi bango, ga jaka a kafaɗa, ga fulas ɗin shayi a hannu. Abokinsa Nassim yana jiransa a ƙasa cikin mota. Da yamma sai ya dawo a gajiye, yana murmushi shi kaɗai, hannu Rabbana.

Hausawan Lyon kuwa sun samu abin yi. In ya shiga La Guillotière sayen kayan miya, tun daga bakin kanti ake tarbarsa. "Ga Sarkin Ruwa nan! Malam Illo, yau kihi nawa aka yi ma foto aka sallama?" Abin da ya fi ba su dariya shi ne, bayan ya wuni a kan tafki, a kantin nan yake sayen ƙarfasa mai ƙanƙara ya kai wa matarsa Kausar. Illo sai ya taya su dariya ya ɗauki ledarsa ya fita. Masu tsokanar nan yawancinsu ko kwalekwale ba su taɓa shiga ba, kuma da sun san gidan da ya fito da sun rage baki.

Illo ɗan Madarumfa ne, kudu da Maraɗi, kuma a gidansu ba a san wata sana'a ba sai su. Mahaifinsa, Malam Boubacar, da mamari ya tashi, doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi da ake shimfiɗawa a ruwa, da shi kuma ya tsufa. Gidan yana da wata al'ada tasa ta kansa wadda ko maƙwabta ba sa yi. Ranar da ɗa namiji ya kama kifi da hannunsa, kifin da zai cika tukunyar gida kowa ya samu yanka, ba ya sayarwa, ba ya kai wa uwarsa. Gwaggonsa yake nema, 'yar'uwar ubansa, ya durƙusa ya miƙa mata da hannu biyu. Ita za ta karɓa, ta shafa masa damshin kifin a goshi, ta kira sunansa da na ubansa, ta ce da shi masunci. Kafin wannan rana, ko gemunka ya kai ƙirji, ɗan gaɓa kake. Ba a hana ka abinci, ba a zage ka, amma in manya suna maganar ruwa ba a juyowa wajenka.

Illo bai taɓa miƙa wannan kifi ba. Shi aka zaɓa aka sa lakwal, wato makarantar boko, da ya ci jarrabawa aka kai shi kwaleji a Maraɗi. A can ya fara jin labarin cewa yana da wari. 'Yan birni sukan toshe hanci in ya shigo aji, su ce ƙarni ya riga mai shi isowa. Ya dirje jikinsa da sabulu har fata ta yi furu-furu, ya goga lemun tsami a hannu, ya daina karɓar bandar kifin da ake aiko masa daga gida. In an yi hutu ya koma Madarumfa, sai ya zauna gindin bishiya da littafi ya ce karatu ya yi masa yawa. Ƙannensa Idrissa da Abdulrazak suka miƙa kifinsu ɗaya bayan ɗaya, yana leƙensu ta saman littafi. Mahaifinsa bai ce masa komai ba. Gwaggo Fatsima ce, wadda ba ta iya ganin abu ta yi shiru, ta raɗa masa Ɗan-lakwal, sunan kuwa ya zauna daram.

Daga Maraɗi sai Yamai, daga Yamai sai Faransa. Ya fara sauka a Paris, inda ya haɗa karatu da dakon kwalaye a manyan ɗakunan ajiyar kaya na Aubervilliers, sanyi yana cin yatsunsa. Bayan nan ya gangaro Lyon ya ƙarasa karatun kimiyya, ya samu aiki a wani labo, ɗakin gwaje-gwaje da ke auna ruwan sha a Vénissieux. Mutumin da ya gudu daga tafki sai ga shi kullum cikin farar riga yana ɗaga kwalaben ruwa yana duba su a haske. Ya yi aure, ya kama gida, ya zama mutumin da sababbin ɗalibai daga Nijar suke nema in sun rasa inda za su sa kansu. A nan ne wata rana aka kira shi a waya aka ce Malam Boubacar ya cika. Kafin ya gama fahimtar maganar, an riga an kai shi makwanci.

Nassim shi ne direban da ke zagayawa yana ɗebo wa labo ruwan da za a auna. A Minguettes aka haife shi, iyayensa mutanen Aljeriya ne, kuma duk abin da ya mallaka a duniya bayan mota shi ne wani ɗan jirgi mai inji da yake ɗaurewa a tafkin Bourget. Da ya ga Illo ya rame, ya daina cin abincin rana, sai ya ce ya zo ya sha iska. Illo ya bi shi don kada ya ga ya raina tayinsa. Tafkin ya fi na Madarumfa nesa ba kusa ba, ga zurfi, ga duwatsu sun kewaye shi, ruwan kuma shuɗi ne mai sanyi. Amma da ya sa ƙafa a jirgin, jikinsa ya daidaita da kansa, ya zauna a inda mai tuƙi yake zama ba tare da an nuna masa ba. Warin jiƙaƙƙiyar igiya ya bugi hancinsa, sai ya juya baya ya yi kukan da bai yi ba ranar rasuwa. Nassim ya yi kamar inji ne ya ƙi tashi, ya duƙa a kansa ya daɗe.

Tun daga ranar Asabar ta zama ta ruwa. Kifin da Nassim yake nema shi ne turwit na tafki, mai jikin azurfa da ɗigo-ɗigo baƙi, wanda yake zama can ƙasa inda ruwa ya fi sanyi. Ba a jefa masa birgi, ba a kafa masa mamari. Doguwar igiya ake saki a bayan jirgi, a ɗaura mata wani ƙarfe mai walƙiya da ya yi kama da cokali, a yi ta tafiya a hankali ana jira. Sai ka yi wata guda ba ka ga ko ɗaya ba. Illo ya yanki permi, takardar izinin kamun kifi, ya shiga ƙungiyar masu fatsa ta su Nassim, da lokacin gasar ƙarshen shekara ya zo aka rubuta sunansu a jirgi ɗaya. Dokar gasar a fili take. In ka kama, ka ɗora kifin a allon awo, ka ɗauki hoto, ka mayar da shi ruwa da ransa. Wanda kifinsa ya fi tsawo shi ya ci, wanda kuma ya kashe kifi an fitar da jirginsa.

Illo ya ji dokar da kunnensa, ya ce ya gane. Da hantsi igiyarsa ta motsa, ya jawo turwit madaidaici. Kifin yana faɗowa cikin jirgi, kafin Nassim ya miƙo allon awo, Illo ya cusa babban yatsa ta kunnen kifin ya karya masa wuya. Aikin 'yan gaɓa ke nan a gidansu, shi ya yi ta yi tun yana ƙarami kafin lakwal ta ɗauke shi, hannun kuwa bai nemi shawarar kai ba. Nassim ya dafe kai da hannu biyu. Aka fitar da su, suka dawo Vénissieux. Illo ya ji kunya ƙwarai, amma a ƙarƙashin kunyar akwai wani ɗan daɗi da bai gaya wa kowa ba, domin ashe hannunsa bai manta gida ba.

Shugaban ƙungiyar, wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa mai gashin baki, bai yi masa faɗa ba. Ya ce ya zo da dogayen takalman roba in sanyi ya shigo. Illo ya je, ya ga abin da bai taɓa tunani ba. Turwit ba ya haihuwa a tafki, sai ya hau ƙananan rafuka ya zuba ƙwai a tsakuwa, rafukan kuwa an tsuke wasu da siminti, an datse wasu, ruwan yana ƙara ɗumi shekara bayan shekara. 'Yan ƙungiya suna shiga ruwan ƙanƙara har gwiwa su share tsakuwa. Suna taya ma'aikatan gidan ƙyanƙyasa renon ƙwai, in 'ya'yan kifin suka kai tsawon yatsa a datse musu wani ɗan fiffike kusa da wutsiya da almakashi, yadda ake yanke wa akuya kunne don shaida, sannan a sake su. Cikin dubu, kaɗan ne suke girma. Illo ya kama aikin da hannu bibbiyu, ya zama ba a fara datsa sai ya zo, domin hannunsa ya fi na kowa sauri kuma kifi ba ya mutuwa a tafinsa. Shekaru suka shuɗe a haka. Da aka gyara wani rafi turwit ya dawo hawansa, Illo ya ɗauki hoto ya rataye a falo kusa da na ranar aurensa.

Sai Allah ya ba su haihuwa, aka sa wa jaririya Mardiya. Da yake mahaifiyar Kausar ba ta da lafiyar tafiya, aka yanke shawara Gwaggo Fatsima ta zo ta kula da mai jego. Illo ya hau jirgin ƙasa ya tarbo ta a Paris. Ta tsufa, ta ranƙwafa kaɗan, amma bakin yana nan yadda ya bar shi. Tun a filin jirgi ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Ɗan-lakwal, ka yi tumbi." Ta kuma sanar da shi tun kafin su zauna cewa wannan ne hawanta jirgin sama na farko, komawa gida shi ne na ƙarshe, ko Makka aka biya mata sai dai a kai ta a mota.

Ba ta kwana biyu a gidan ba ta gano sandunan a bayan ƙofa, ta tsaya gaban hotunan falo tana ƙare musu kallo.

"Wanga kihi da kake riƙe, ina ya tahi?"

"Na mayar da shi ruwa, Gwaggo."

"Ya ruɓe ne?"

"Lahiyarshi lau."

"Ka kama shi, lahiyarshi lau, ka maida shi ruwa." Ta juya wajen Kausar da ke shayar da jaririya. "Ɗiyata, an duba mishi kai kuwa a ƙasar nan? Na ji an ce suna da likitoci." Kausar ta yi dariya har jaririya ta saki nono. Illo ya fara bayanin rafuka da ƙwai da tsakuwa, Gwaggo ta ɗaga hannu ta tsayar da shi. "Ubanka ya ciyar da gida shekara da shekaru, bai taɓa neman gahwarar kihi ba. Kai dai ɗan gaɓa ne, ko a ƙasar Nasara."

Cikin wasa ta faɗa, amma maganar ta soke shi. Sai a lokacin ya yarda da abin da ya daɗe yana ɓoye wa kansa. Yana so ya durƙusa ya miƙa kifin nan, yana so ya ji an kira sunansa da na ubansa. Gwaggo Fatsima ce kaɗai ta rage cikin 'yan'uwan Malam Boubacar, in ta koma Madarumfa ba za ta dawo ba, shi kuma ba zai iya zuwa hutun mako biyu ya ari kwalekwalen ƙaninsa ana yi masa dariya a gaɓa ba. A ruwan da ya sani yake so ya kama, da hannunsa. A ranakun da ba na gasa ba doka ta yarda mutum ya tafi gida da turwit in ya kai ma'auni, don haka ya matsa wa Nassim, suka yi ta fita, har hutu ya ɗauka a wajen aiki. Tafkin ya yi musu rowa. Abin da ya samu ƙanana ne da ba su kai a ɗauka ba, sai wasu 'yan kifaye da ya kawo gida, Gwaggo ta ɗaga ɗaya ta wutsiya ta tambaya ko na mage ne.

Haka kwanaki suka ƙare, ya rage Asabar ɗaya kafin tafiyarta, kuma Asabar ɗin ita ce ranar gasar ƙarshen shekara, daga ita sai rufe ruwa. Jirgi na Nassim ne, an riga an rubuta sunansu, kuma Nassim ya daɗe yana neman kofin nan bai samu ba. Illo ya lissafa abin ta kowace fuska bai ga mafita ba. In bai kama ba, Gwaggo ta tafi. In ya kama, dole ya saki. In ya riƙe, ya sake jawo wa abokinsa kora, a gaban mutanen da suka yarda da shi har suka ba shi almakashi. Ana cikin haka Gwaggo ta ce za ta bi su ta ga wannan su na marasa yunwa da idonta. Nassim ya tambayi shugaban ƙungiya, aka ce ta shiga, in dai ba za ta taɓa sanda ba.

Da sassafe aka sa mata rigar ceto mai ruwan lemo a kan rigar sanyi, a kan zane, ta naɗe mayafi ta saman duka. Nassim ya miƙa hannu zai taimake ta, yana cewa, "Doucement, Tata," wato a hankali, Gwaggo. Ta ture hannun ta taka jirgin ta zauna tsakiya, jirgin ko girgiza bai yi ba. Jirage suka watsu a kan tafki, hazo yana tashi daga ruwa. Ta kalli duwatsu, sannan idonta ya faɗa kan na'urar da ke nuna zurfi da inuwar kifi.

"Wanga fa mi ne?"

"Tana nuna mana inda kihi yake, Gwaggo."

"Har da tele kuke leƙen kihi cikin ɗakinshi, kuma ba ku kamawa?" Ta ce ya fassara wa Balaraben. Illo ya fassara, Nassim ya yi dariya har ya saki sitiyari.

Rana ta ɗaga, shayi ya ƙare, babu abin da ya taɓa igiya. Gwaggo ta ci goro, ta yi gyangyaɗi, ta farka ta ce a ƙasarsu da yanzu an dawo daga kasuwa. Illo ya fara gaya wa zuciyarsa cewa hakan ma sauƙi ne, tunda ba a kama ba balle a yi zaɓi. Lokacin tashi ya kusa, wasu jiragen har sun juya, sai sandar Illo ta lanƙwashe, igiya ta fara gudu tana kuka. Ya miƙe ya riƙe. Daga nauyin kaɗai ya san bai taɓa haɗuwa da irin wannan ba. In ya jawo kaɗan, kifin ya nutsa ya ƙwace abin da aka jawo. Gwaggo ta tofar da goro ta gyara zama. "Kar ka ja da ƙarhi! Bar shi ya gaji! Sassauta mishi, kai Ɗan-lakwal!" Nassim yana ta nasa ihun da Faransanci, babu mai jin wani. Hannun Illo ya yi tsami kafin azurfar ta bayyana a ƙarƙashin jirgi, Nassim ya zura koma ya tallafo ta.

Mace ce, doguwa, mai kauri, ta kusa cika allon awo. Nassim ya ɗauki hoto. Illo ya mayar da ita cikin koma a gefen jirgi, jikinta a ruwa don ta yi numfashi, sai ya ga gurbin ɗan fiffiken nan kusa da wutsiya, an datse shi tun tana ƙarama. Tasu ce, ta gidan ƙyanƙyasa. Ba mamaki ma da almakashinsa.

Nassim ya san labarin al'adar, domin Illo ya gaya masa a ɗaya daga cikin ranakun da suka wuni ba su kama komai ba. Ya dubi kifin, ya dubi tsohuwar. "Ɗauke ta, ɗan'uwa," ya ce a hankali. "Gasa tana nan baɗi. Tata ba ta nan baɗi."

Illo ya dubi kifin a cikin koma. Ya san ba zai iya kashe wannan kifi ba, ya kuma san ba zai iya sakinta a gaban Gwaggo ba tare da ya miƙa ba. Sai ya yi abin da aka koya masa tun farko, ya bar sauran ga mai shi. Ya jiƙa hannuwansa, ya durƙusa a cikin jirgi gwiwa biyu, ya ɗago kifin daga koma, ruwa yana zuba a hannun rigarsa.

"Gwaggo, ga kihina."

Ta karɓa da hannu biyu. Babban yatsanta ya tafi kai tsaye wajen kunnen kifin, daidai inda nasa ya tafi a waccan shekara. Nassim ya rufe ido. Illo bai ce kada ba, domin abin da aka miƙa ya fita hannun mai miƙawa. Amma ɗaya hannun nata yana ƙarƙashin cikin kifin, kuma hannu ne da ya fi shekara sittin yana fede kifi. Ta tsaya. Ta shafa cikin a hankali.

"Ƙwai gare ta, cike." Ta dubi wutsiyar. "Wa ya yanke mata nan?"

"Mu ne, Gwaggo. Tun tana kamar yatsa. Mu muka rene ta muka sake ta."

"Kai ka rene ta?"

"Da ni a ciki."

"Kiwo ke nan kake yi cikin ruwa, ba ka hwaɗi ba, ka tsaya kana mini turanci." Kifin ya motsa a hannunta, ta riƙe shi da kyau. "Yanzu wanga kihi na wa ne?"

"Naki ne."

"To ban ga wanda zai hana ni yin abin da na ga dama da kayana ba. Ko ubanka bai yanka akuya da ciki ba."

Ta ranƙwafa a gefen jirgi, Nassim ya riƙe mata rigar ceto ta baya. Ta sa kifin a ruwa, ta tallafe shi tana kaɗa shi gaba da baya kamar ta saba, har ya buga wutsiya ya sulale ya nutsa. Ta bi shi da ido har ya ɓace. Sannan ta juyo da hannuwanta masu yauƙi, Illo yana nan durƙushe bai tashi ba. Ta shafa masa a goshi, daga dama zuwa hagu, ta danna sosai.

"Illo na Boubacar," ta ce, muryarta ta canza. "Masunci ɗan masunci. Na karɓa. Allah ya tsare ka bisa ruwa, ya jiƙan wanda ya haife ka."

Rabon da ya ji sunansa na yanka a bakinta tun yana yaro. Nassim ya tambaya me ta ce, Illo ya girgiza kai kawai, sai Nassim ya koma kan injinsa ya daɗe yana dubawa, ko da yake lafiyarsa ƙalau.

Na biyu suka zo, wani jirgi ya fi su da ɗan abin da bai kai faɗin yatsa ba. Nassim ya rungume ƙaramin kofin da aka ba su kamar na ɗaya ne. Shugaban ƙungiya ya ga hoton wutsiyar, ya kira mutane su zo su gani, ya yi ta girgiza hannun Illo. Wata mata cikin masu shirya gasar ta miƙo masa hankici, ta nuna masa goshinsa inda yauƙin ya bushe yana ƙyalli. Ya gode mata, ya ninke hankicin ya sa a aljihu. Alwalarsa ta safe ba ta karye ba, don haka ya yi azahar a kan ciyawa a bakin tafki ba tare da ruwa ya taɓa fuskarsa ba. Gwaggo kuwa ta karɓi wayarsa ta aika wa su Idrissa saƙon murya mai tsawo, ta ce daga yau in ana maganar ruwa a kira yayansu a ji ta bakinsa. A hanya ta sa aka tsaya La Guillotière, domin ta ce ko an yi kiwo ko ba a yi ba, tukunya ba za ta kwana wayam ba. Masu kanti suka fara kiran Sarkin Ruwa, ta yi musu kallo ɗaya, kowa ya koma kan aikinsa.

Da suka hau bene, Kausar ta buɗe ƙofa da Mardiya a kafaɗa. Illo ya sunkuya zai karɓi 'yarsa, ta ja da baya ta yatsine fuska.

"Abban Mardiya, ƙarni kake yi. Je ka wanke fuska tukuna."

"Na sani," in ji Illo. "Bari sai an kira la'asar."